Tsofaffin kajin gidan gona: Araha ce ko tarko ga masu fara kiwo a Gaya da Ajingi?

Duk lokacin da Sallah ko ƙarshen shekara ta gabato, gidajen gonar kaji da ke kewayen birnin Kano kan fara kwashe kajinsu na ƙwai da suka tsufa. Dillalai su loda su a kejina, a bayan a-kori-kura da babura, su nufi kasuwannin Tarauni da Sabon Gari da Janguza, da kasuwannin mako irin ta Wudil da ke ci ranar Juma'a.

Mafi yawan kajin a hannun masu figa suke ƙarewa, domin mutane na son namansu mai tauri da ba ya narkewa a miya. Amma akwai waɗanda ke tsira daga wuƙa. Magidanci ko uwargida ko matashin da ke neman abin yi ya sayi biyar ko goma, ya kai gida da fatan su ci gaba da yi masa ƙwai.

Ga mazauna Gaya da Ajingi, waɗanda Wudil ke maƙwabtaka da su, wannan hanya ce mai sauƙi ta shiga kiwon kajin zamani. Babu rainon 'yan tsaki, babu kwana kusa da fitila ana ɗumama su, babu jiran wata biyar kafin a ga ƙwan farko. Sai dai tsohuwar kazar gona tana zuwa da nata sharuɗɗan, kuma wanda bai san su ba yana iya rasa kuɗinsa, ya kuma rasa kajin Hausar da ya tarar a gidan.

Me ya sa gona ke rabuwa da kaza tana kan ƙwai?

Kazar gidan gona, wadda 'yan kasuwa ke kira leyas, tana fara ƙwai ne tana da mako 18 zuwa 20. A shekararta ta farko tana iya yin ƙwai kusan 300. Kazar Hausa da ke kiwo a tsakar gida kuwa ba kasafai take wuce 40 zuwa 60 a shekara ba, saboda tana tsayawa ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta yi raino.

Idan leyas ta kai mako 72 zuwa 80, ƙwan ya fara ja baya, ɓawonsa ya yi laushi, amma cin abincinta bai ragu ba. Mai gona da ke da kaji 5,000 yana biyan ma'aikata, yana sayen man janareta, wataƙila yana biyan bashin banki. Da zarar kuɗin ƙwan ya kasa ɗaukar nauyin abinci da sauran hidimomi, sai ya sayar da su gaba ɗaya, ya wanke ɗaki, ya zuba sababbi. Kuɗin tsofaffin ne ma yakan zama jarin sayen sababbin.

Ke nan kazar ba ta daina ƙwai ba, ta dai daina biyan kuɗin gona ne. A gidan da babu albashin ma'aikaci, babu janareta, akwai dusa da ragowar tuwo, lissafin na iya canzawa. Wannan shi ne ainihin abin da ke jan hankalin masu saye.

Matsin da masana'antar ta shiga a 'yan shekarun nan ya ƙara yawan irin waɗannan kaji a kasuwa. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ƙwai ya yi kwantai, har Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Najeriya, PAN, ta ce an yi asarar kiret sama da miliyan 15. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi, gonaki da dama suka sayar da kajinsu tun lokaci bai yi ba, wasu suka rufe. A 2024 kiret ɗin ƙwai ya haura naira 5,000 a garuruwa da yawa. Tsadar ƙwan ita ta sa ƙaramin mai kiwo ya fara kallon tsohuwar leyas da idon jari.

A Ingila ceto ne, a nan kasuwa ce

A ƙasashen Turai ma ana karɓar irin waɗannan kaji, amma da wata manufa daban. Tarayyar Turai ta haramta tsohon samfurin kejin ƙarfe tun daga 1 ga Janairun 2012, wanda a cikinsa filin da kowace kaza ke samu bai kai faɗin takardar A4 ba. A Ingila akwai ƙungiyar British Hen Welfare Trust, wadda Jane Howorth ta kafa a 2005, da ke karɓar kajin da gonaki suka gama da su ta raba wa masu son riƙe su a gida. A 2024 ta kai kaza ta miliyan ɗaya, kuma Sarki Charles ne ya karɓe ta zuwa gidansa na Highgrove.

Can ana riƙe kazar ne kamar kyanwa, a sa mata suna, a kai ta asibiti, har ta mutu don kanta. A Gaya ko Ajingi kuwa, Bahaushe ya riga ya faɗa: sabo da kaza ba ya hana yanka. Wanda ya saye ta yana neman ƙwai yau, nama ko kuɗi gobe.

Duk da bambancin manufa, jikin kazar ɗaya ne. Wadda ta shekara a keji tana fitowa da gashi a tsige, musamman a wuya da ƙirji, farata sun yi zaƙo-zaƙo, baki a datse tun tana tsako. Ƙasusuwanta sun yi rauni saboda jikinta ya daɗe yana zarar sinadarin kalsiyam daga cikinsu don yin ɓawon ƙwai. Ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta san tono ba, ba ta san ta gudu in ta ga inuwar shirwa ba. Ɗaure ƙafafunta a rataye ta kai ƙasa a kan babur daga Wudil zuwa Ajingi na iya karya mata ƙafa ko fiffike, kuma kazar da ta sha irin wannan wahala takan yi kwanaki ba ta yi ƙwai ba. Tausaya mata a hanya, a kawo ta cikin kwando ko kwali mai huji da sassafe, yana cikin lissafin riba.

Haɗarin da ya fi asarar kuɗin saye

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Gaya na da mutum sama da 200,000, Ajingi sama da 170,000, mafi yawansu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake. A irin waɗannan gidaje kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake zubin adashi, ita ake yanka wa baƙo. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa cikin kaji kusan miliyan 180 da ke Najeriya, kimanin miliyan 80 irin na sake ne da ke kiwo a gidaje da ƙauyuka.

Wannan asusun ne ake sakawa cikin haɗari duk ranar da aka shigo da baƙuwar kaza aka sake ta a tsakar gida.

Kano ta san murar tsuntsaye. An fara tabbatar da ita a Najeriya ne a watan Fabrairun 2006, a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma cikin ɗan lokaci aka same ta a gonakin Kano. Ta dawo a Janairun 2015, ta sake dawowa a 2021. Wanda ya fi kama da abin da ake magana a kai shi ne: a watan Disambar 2024 wani matashi a ƙaramar hukumar Gwale ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza, ya haɗa ta da tsuntsayensa, 35 cikin 50 suka mutu. A Janairun 2025 hukumomin jihar suka tabbatar murar tsuntsaye ce. Tsuntsu ɗaya daga kasuwa ya isa.

Akwai kuma dalilin da ya sa araha mai yawa ta zama abin tsoro. Manufar gwamnati kan murar tsuntsaye ita ce a kashe kajin gonar da ta kamu a biya diyya. A 2006 diyyar farko naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa. Duk inda diyya ta yi kaɗan ko ta yi jinkiri, mai gonar da ya ga kajinsa sun fara mutuwa yana da abin da zai tunzura shi ya kira dillali cikin dare maimakon likitan dabbobi. Idan ka ga tsofaffin kaji a rabin farashi, ba lokacin Sallah ba, kuma dillalin ya kasa faɗin gonar da suka fito, to araha ba ta ado.

Cutar da ta fi kashe kajin ƙauye a kowace shekara ita ce Newcastle, wadda ke tashi da hunturu, ake gane ta da zawo kore-kore, da wahalar numfashi, da murɗewar wuya. Kazar gona an yi mata rigakafinta sau da yawa, don haka tana iya ɗauke da ƙwayar cutar tana yaɗawa ba tare da ta nuna alama ba. Kajin Hausar da ba a taɓa ɗiga musu magani ba su ne za su zube. Haka kuma ita baƙuwar za ta tarar da ƙwarƙwata da tsutsar ciki da ba ta saba da su ba.

Maganin wannan ba shi da tsada. A ware baƙin kaji a wani akurki daban, nesa da na gida, tsawon mako uku, da nasu mazubin ruwa da na abinci. A riƙa ciyar da na gida tukuna kafin a je wurin baƙin, a wanke hannu da takalmi. Kafin a haɗa su, a yi wa na gida rigakafin Newcastle. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin nau'in da ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗigawa a ido a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Idan kuma kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a kai rahoto sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, kada a yanka a ci, kada a jefar a bola, a binne da zurfi.

Lissafin buhu da kiret

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar leyas kamar kazar Hausa, a watsa mata tsaki da safe a ce ta nemi sauran da kanta. An ƙirƙiri wannan kaza ne don ta mayar da haɗaɗɗen abinci ƙwai. Tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, tana buƙatar abinci mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100, da kalsiyam kusan giram 4 kullum. Dusa da tsaki kaɗai ba su kai ko kusa ba. Idan aka bar ta a kansu, cikin 'yan kwanaki ƙwan zai ragu, ɓawon ya yi laushi, ta fara fasa nata tana sha.

Farashi na canzawa kowane mako, amma akwai lissafin da ba ya canzawa. Kaji 10 suna cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana 21 zuwa 22. Idan suna yin ƙwai 6 a rana, buhun ya ba ka kusan ƙwai 130, wato kiret 4 da 'yan kai. Idan sun sauko zuwa 4 a rana, buhun bai cika kiret 3 ba. Don haka kafin ka sayi kaza ko ɗaya, tambayi kuɗin buhu a shagon da ya fi kusa da kai, ka haɗa da kuɗin mota, ka tambayi nawa mai shayi ko mai kanti zai sayi kiret a garinku. Idan kiret 4 bai biya buhu ya bar ragi ba, kiwon ƙwai ba zai fitar da kai ba a wannan lokacin, sai dai ka yi kiwon nama.

Inda mutanen Gaya da Ajingi ke da fifiko a kan mai kiwo a birni shi ne rumbu. Gero da dawa na iya maye gurbin masara mai yawa. Tunkuzar gyaɗa da matan da ke matsar mai ke fitarwa tana da furotin sosai, muddin ba a sa mata gishiri ba kuma gyaɗar ba ta yi funfuna ba, domin funfunar gyaɗa guba ce da ke lalata hantar kaza. Waken suya sai an soya shi kafin a niƙa. Ƙashin da aka ƙona aka daka da busasshen ɓawon ƙwai suna ba da kalsiyam, ganyen zogale yana gyara launin ƙwaiduwa, gara kuma ƙari ce mai amfani. Wanda bai iya awon haɗin ba zai iya sayen konsantiret a shagon abincin kaji ya haɗa da hatsinsa bisa ma'aunin da ke jikin buhun. Ko wanne za a yi, a fara da irin abincin da ta saba ci a gona, a riƙa sauyawa sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Sai haske da zafi. A gona ana ba kazar haske na awa 16 a rana, alhali hasken rana a Kano bai cika wuce awa 12 zuwa 13 ba. Ƙaramar fitilar sola da za ta ƙara awa uku bayan magariba tana taimakawa wajen riƙe ƙwan. A watannin Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da zafi ke kai digiri 40, leyas na rage ci, tana haki, tana iya mutuwa a akurkin da aka rufa da kwano zalla. Rumfar zana, da iska ta ɓangare biyu, da ruwan randa da ake sauyawa da rana su ne kariyarta.

Wadda ta fi muni ita ta fi aiki

Mai saye a karon farko yakan zaɓi kazar da gashinta ya cika yana sheƙi, ƙafarta rawaya shar. Sau da yawa wannan ita ce ta daɗe da daina ƙwai, ta mayar da abincin kan jikinta. Mai ƙoƙarin ita ce wadda gashinta ya tsige, launin ƙafarta da bakinta ya koɗe, amma jan naman da ke kanta yana da girma da laushi, idonta a buɗe tar.

Akwai gwajin da ake yi da hannu. A ƙarƙashin wutsiya akwai ƙasusuwa biyu. Idan yatsu biyu zuwa uku suka shiga tsakaninsu, kuma cikin yana da laushi, tana kan ƙwai. Idan yatsa ɗaya ne da kyar, ta tsaya. A guji mai majina, mai kumburin fuska, mai kashi manne a gindi, ko wadda ta takure ta rufe ido. Kuma saye kai-tsaye daga gonar da aka sani, inda za a iya tambayar shekarun kajin da rigakafin da aka yi musu, ya fi saye a kasuwar da aka cakuɗa su da agwagi da zabi.

Bayan an kawo su, yawanci sukan zubar da gashi su yi sabo, kuma a wannan lokaci ƙwan kan tsaya na wasu makonni. Mai kiwon da bai san haka ba yakan firgita ya sayar da hasara, ko ya fara ɗura musu kafso mai ja da rawaya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya sa kaza ƙwai, kuma ragowarsa na fita a cikin ƙwan da yara za su ci.

Jarin da ba ya haihuwa

Akwai abu ɗaya da tsohuwar leyas ba kasafai take yi wa uwargida ba: kwanci. An rage mata wannan ɗabi'a sosai tun wajen ƙirƙirar irinta, domin kazar da ke kwanci ba ta ƙwai. Kazar Hausa ɗaya na iya zama garke cikin shekara biyu in annoba ta ƙyale ta. Leyas goma kuwa goma ne, sai dai su ragu. Ana iya haɗa su da zakara a sa wa kazar Hausa ƙwan ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, amma 'ya'yan ba sa kai uwarsu yawan ƙwai.

Shi ya sa wanda ya sayar da kajin Hausarsa don ya sayi tsofaffin leyas ya yi musayar abin da ke yaɗo da abin da ke ƙarewa. Wanda ke son iri mai ɗorewa a tsakar gida yana da wasu zaɓuɓɓuka, kamar Noiler da ake kiwo don nama da ƙwai kuma take jure kiwon sake fiye da leyas, ko ShikaBrown da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar don yanayin ƙasar nan.

Amfanin tsohuwar leyas yana cikin gajeren zango ne: wata uku zuwa shida na ƙwai, kashin da za a kai gona ko a sayar wa masu lambu, sannan a sayar da ita da ƙiba lokacin da nama ke tsada. Ga matashin da ke son koyon sana'ar, makaranta ce mai sauƙin kuɗi, domin kuskuren da zai yi a kan kaji 10 bai kai wanda zai yi a kan 'yan tsaki 200 ba.

Abin da ya rage wa hukumomi

An ƙirƙiri Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a watan Yulin 2024, kuma yawancin maganar da ake yi a kanta ta shanu ce. Amma dabbar da ta fi yawa a hannun talaka, musamman mata, kaza ce.

Abubuwa uku za su rage haɗarin wannan kasuwa ba tare da an kashe ta ba. Na farko, takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi ga duk gonar da za ta kwashe tsofaffin kaji, wadda dillali zai riƙe har kasuwa. Na biyu, diyya mai kusanci da farashin kasuwa da ake biya da wuri, don mai gona ya ga kai rahoto ya fi masa ɓoyewa. Na uku, rigakafin Newcastle gida-gida kafin hunturu, ta hannun malaman gona na KNARDA da matasan da aka horar a kowace mazaɓa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil na da tsangayar aikin gona a bakin ƙofar waɗannan ƙananan hukumomi, kuma masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, na da dagatai da masu unguwannin da saƙo ke isa kowane gida ta hannunsu.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan mai saye. Ya gina akurki kafin ya tafi kasuwa, ya tanadi buhun abinci na farko, ya yi wa kajin gida rigakafi, ya fara da biyar ko goma. Ya kuma sa wa kansa ranar sayarwa tun ranar da ya saya: duk makon da ya ƙirga ya ga kaji 10 sun kasa yin ƙwai 5 a rana, kuma ba gashi suke sauyawa ba, lokacin kai su kasuwa ya yi.